Rigimar Kazan: tarihin dokar Zaitsev da muke haddacewa a oganik

'Yan uwa ɗaliban Arewa da ke karatu a nan Kudu, musamman ƙannenmu 'yan aji biyu da aji uku na kemistiri, bayokemistiri, famasi da injiniyan sinadarai. Jarrabawa ta matso, kuma na san cikin abubuwan da kuke ta maimaitawa da daddare akwai dokar Zaitsev. Rubutun nan yana da ɗan tsawo, wanda cajinsa ya yi ƙasa ya adana shi sai an kawo wuta. Tarihin dokar zan kawo, inda ta fito da yadda aka yi aka gano dalilinta. Tambayoyin da suka fi cinye wa ɗalibai maki a wannan babi su ne waɗanda dokar ta karye a cikinsu, kuma tarihin ne ke nuna wuraren da take karyewa.

Tun kafin mu yi nisa, bari mu kawar da wani ruɗani. Wani littafin ya rubuta Saytzeff, wani Saytzev, wani kuma Zaitsev. Duk mutum ɗaya ne. Ɗan Rasha ne, da haruffan Rashanci ake rubuta sunansa, to da ya buga aikinsa a mujallar Jamus sai aka rubuta shi yadda Bajamushe zai iya karantawa. Kada wani ya shiga ɗakin jarrabawa yana zaton dokoki uku ne.

Me ake nufi da zarewa?

Haloalkan sarƙar kabon ce da haidirojin, wadda aka maƙala wa halojin a wani wuri: kulorin, buromin ko aidin. In ka haɗa ta da bes mai ƙarfi ka zafafa, sai a zare halojin ɗin daga kabon ɗinsa, a zare haidirojin ɗaya daga kabon da ke maƙwabtaka da shi, sannan kabon biyun su ƙara ɗaure juna. Abin da ya fito shi ne alkin, mai tagwayen ɗauri, C=C. Wannan shi ne riyakshin ɗin zarewa, wanda lakcarori ke kira iliminashin.

An san shi tun kafin a san siffar molekul. A 1795 wasu masana huɗu a Holan suka haɗa gas ɗin etilin da kulorin, suka sami wani ruwa mai kama da mai. Daga nan aka laƙaba wa etilin sunan gas mai haifar da mai, kuma daga wannan laƙabin ne kalmar olefin ta samo asali. Ruwan nan shi ne 1,2-daikuloroetan. A 1835 wani matashin Bafaranshe, Henri Victor Regnault, yana aiki a ɗakin gwajin Justus Liebig a garin Giessen na Jamus, ya zuba wa wannan ruwa KOH da aka narkar a cikin etanol. HCl ya fita, aka sami binil kulorayid. Har gobe da zare HCl daga wannan sinadarin ake yin binil kulorayid a masana'antu, sai dai yanzu da zafi mai kai digiri 500 ake yi. Shi ake sarrafawa ya zama PVC. Kun ga ke nan bututun ruwan da ke banɗakin hostel jikan wannan riyakshin ne.

Regnault bai gamu da matsalar da ke damunmu ba, don sinadarinsa kabon biyu gare shi, hanya ɗaya ce kawai. Matsalar tana tasowa ne in kabon mai halojin yana da maƙwabta biyu da suka bambanta. Ɗauki 2-bromobiyutan, CH3–CHBr–CH2–CH3. A hagu akwai CH3 mai haidirojin uku, a dama akwai CH2 mai biyu. In aka zare daga hagu, 1-biyutin za a samu, tagwayen ɗaurin a bakin sarƙa. In daga dama ne, 2-biyutin, ɗaurin a tsakiya. Wanne zai fi yawa? A 1835 babu ma wanda zai iya yin wannan tambayar, domin ba a yarda ba tukuna cewa atam suna da jeri tsayayye a cikin molekul wanda za a iya zanawa a takarda.

Jami'ar da ke can gefen ƙasa

Cikin mutanen da suka kafa wannan tunani na jeri akwai Aleksandr Butlerov, malami a Jami'ar Kazan. Kazan birni ne a bakin kogin Volga, sama da kilomita 700 gabas da Mosko, babban birnin Tatarawa. An kafa jami'arsa a 1804. A idon mutanen Berlin da Paris na wancan zamani, ƙauye ne a ƙarshen duniya. Amma a nan Nikolai Zinin ya mayar da naitirobenzin anilin a 1842, a nan Karl Klaus ya gano ƙarfen rutiniyom a 1844, kuma Lobachevsky na lissafi shi ne ya shugabanci jami'ar kusan shekara 20. Butlerov ɗalibin Klaus da Zinin ne. A 1861, a wani taron masana a garin Speyer na Jamus, ya gabatar da ra'ayinsa cewa kowane sinadari yana da tsari guda na yadda atam ɗinsa suka ɗaure juna, kuma halayensa daga wannan tsarin suke fitowa.

Ɗalibansa biyu ne jigon labarin nan: Vladimir Markovnikov da Aleksandr Zaitsev. Abin mamaki, dukansu ba kemistiri ya kawo su jami'a ba. Sun shiga ne don karanta fannin tattalin arziki da gudanar da mulki, wanda a tsarin Rasha na lokacin dole ɗalibinsa ya ɗauki kemistiri. A ajin Butlerov suka sauya hanya. Duk wanda aka ba shi kos ɗin da ba shi ya cike a JAMB ba, ya san irin wannan.

An haifi Zaitsev a Kazan a 1841, mahaifinsa ɗan kasuwar ganyen shayi da sukari ne. Yana gama karatu a 1862 ya wuce Jamus, wurin Hermann Kolbe a Marburg. Nan ne ƙura ta fara tashi, don Kolbe yana cikin manyan masu adawa da ra'ayin tsarin molekul, wato ra'ayin malamin Zaitsev. Kundin farko da Zaitsev ya aiko wa Kazan daga can a kan ra'ayoyin Kolbe ne, yana goyon bayansu, kuma ba a ba shi digirin ba. Amma a wurin gwaji hannunsa yana da kyau. A shekarun nan ne ya gano rukunin sinadaran salfokzayid, kuma shi ne ya fara haɗa DMSO, wanda ke kan kanta a kusan kowane ɗakin gwajin oganik yau. Ya yi ɗan zama a Paris wurin Wurtz, ya dawo gida a 1865, Jami'ar Leipzig ta ba shi digirin dakta a 1866. Butlerov bai riƙe shi a zuciya ba, ya karɓe shi, ya nema masa gurbi.

Markovnikov bai manta ba. Shi ne babba, shi ne ya tsaya kan koyarwar malaminsu tun farko. Da Butlerov ya koma Saint Petersburg a 1868, sai aka bar mutanen biyu a sashe ɗaya, ba sa ga maciji da juna. A 1869 Markovnikov ya kare kundinsa na dakta, wanda a ciki dokar da muka sani take: in HX ya hau kan alkin, haidirojin yana zuwa kan kabon da ya riga ya fi yawan haidirojin. Aka buga ta da Jamusanci a 1870. A shekarar ne Zaitsev ya kawo nasa kundin, Markovnikov yana cikin masu dubawa, kuma duk da rashin sonsa aka ba Zaitsev digirin. A 1871 hukuma ta kori malamin ilimin sassan jiki Pyotr Lesgaft daga jami'ar, wasu farfesoshi suka ajiye aiki don nuna fushinsu, Markovnikov yana cikinsu. Ya tafi Odessa, daga can ya koma Mosko a 1873. Zaitsev ya zauna a Kazan har ya rasu a 1910.

Takardar 1875

Markovnikov ya karkata ga cewa a wajen zarewa, alkin mai ƙarancin rassa ne zai fi fitowa. Rassa a nan ina nufin rukunonin kabon da ke maƙale da kabon biyu na tagwayen ɗaurin: 1-biyutin yana da ɗaya, 2-biyutin yana da biyu. In ka duba, tunanin yana da kamar hujja. Ka ɗora HI a kan 1-biyutin, ka sami 2-aidobiyutan bisa dokarsa. To in ka zare HI ɗin, ai kamata ya yi ka koma inda ka fito. Inda gizo ke saƙar shi ne, 2-biyutin ma in ka ɗora masa HI, 2-aidobiyutan ɗin dai za ka samu. Hanya biyu ce ta kawo ka gida ɗaya, babu abin da ya wajabta ka koma ta wadda ka zo.

A 1875 Zaitsev ya buga takardarsa a mujallar Annalen ta Liebig. Ya tattara sakamakon da wasu suka riga suka buga, ya haɗa da gwaje-gwajen ɗalibansa a kan zare HI daga haloalkan masu aidin, ya fitar da ƙa'ida: ana zare haidirojin ne daga maƙwabcin kabon da ya fi ƙarancin haidirojin. Wato a dokar Markovnikov mai yawa ake ƙara wa, a ta Zaitsev mai kaɗan ake rage wa. A misalinmu, 2-bromobiyutan da etokzayid a cikin etanol yana ba da kusan kashi huɗu cikin biyar na 2-biyutin, sauran ɗayan 1-biyutin.

Ku lura da abu biyu. Na farko, Zaitsev bai faɗi dalili ba, kuma ba shi da halin faɗa. Ba a gano ilektiron ba sai 1897, ba a bayyana ɗauri a matsayin ilektiron biyu da atam biyu ke rabawa ba sai 1916, a aikin Gilbert Lewis. Abin da ya gani a kwalba ya rubuta. Na biyu, masu binciken tarihin kimiyya sun nuna cewa wani ɗalibin Butlerov ɗin, Aleksandr Popov, ya buga ƙa'ida mai kama da wannan tun 1872, kuma takardar Zaitsev ba ta ambace shi ba, alhali Zaitsev ya san aikinsa. Mu da ke rubuta kundi yanzu, wannan abin lura ne. Shekara sama da 100 ta wuce, amma an tono.

Dokar da ta saba wa doka

Tun kafin Zaitsev ma akwai wani sakamako da ke jiran ya yi karo da shi. August Wilhelm Hofmann, Bajamushe da ke shugabantar kwalejin kemistiri a Landan tun 1845, ya gano a 1851 cewa in ka zafafa haidirokzayid ɗin amoniyom mai rassa huɗu, alkin yana fita, amin ya rabu. Da aka ci gaba da gwada wannan hanya a kan sarƙoƙi masu zaɓi biyu, sai aka ga akasin abin da Zaitsev ya gani. Ka ɗauki sarƙar biyutan ɗin nan, ka cire buromin ka sa N(CH3)3 mai cajin fositif a wurinsa. Sama da kashi 90 na abin da zai fito 1-biyutin ne, mai ƙarancin rassa.

Haka aka zauna kusan shekara 50 da dokoki biyu masu karo da juna. In halojin ne ke fita, bi Zaitsev. In amin ne, bi Hofmann. Me ya sa? Oho. Ɗalibin 1910 haddacewa kawai zai yi, ba shi da laifi. Mu kam ba mu da wannan uzurin.

Ingold da Hughes: agogo ya shigo ɗakin gwaji

Wanda ya buɗe ƙofar shi ne Christopher Ingold, Baturen Ingila. A 1927, yana Jami'ar Leeds, shi da abokin aikinsa Hanhart suka kawo shawarar cewa a zarewar Hofmann komai a lokaci guda yake faruwa: bes yana fizge haidirojin, ilektiron ɗin da suka rage suna gangarowa su zama ɗauri na biyu, mai fita yana fita. A 1930 Ingold ya koma Landan, ya haɗu da Edward Hughes, wani matashi ɗan yankin Wales. Sun yi aiki tare sama da shekara 30, har Hughes ya rasu a 1963.

Dabararsu ita ce auna sauri. Maimakon a tsaya kan me ya fito, sai su tambaya: in na ninka yawan bes, saurin riyakshin zai ninku? A wasu haloalkan ya ninku. In ka ninka haloalkan ɗin ma ya ninku. Ma'ana molekul biyun duka suna cikin matakin da ke ƙayyade sauri. Suka kira shi E2. A wasu kuma, musamman waɗanda kabon mai halojin ke ɗauke da rassa uku, in bes ba shi da ƙarfi, yawansa bai shafi sauri ba ko kaɗan. Ma'ana halojin ne ke fara ficewa da kansa a hankali, ya bar kabokatayon, daga baya a ɗauke haidirojin cikin sauri. Wannan shi ne E1. Lambar 1 da 2 ɗin nan yawan molekul ne a matakin da ya fi jinkiri. Ba yawan matakai ba ne, don E1 mataki biyu gare shi, E2 kuma ɗaya. Ɗalibai da yawa a nan suke zamewa.

Su ne kuma suka raɗa SN1 da SN2, suka nuna cewa zarewa da musanya kishiyoyi ne a tukunya ɗaya. Daga nan abin da muka haddace tun sakandare ya sami bayani, wato KOH cikin ruwa yana ba da alkohol, KOH cikin etanol mai zafi yana ba da alkin. A cikin etanol ana samun etokzayid, bes mai ƙarfi, kuma etanol bai kai ruwa riƙe caji ba, abin da ke taimakon zarewa a kan musanya. Zafi kuwa, ka ƙirga: a musanya abu biyu ne suka shiga, biyu suka fito. A zarewa biyu suka shiga, uku suka fito, alkin da etanol da halayid. Entirofi ya ƙaru, kuma tasirinsa yana girma ne da zafi.

Wata hujjar ta zo daga diyuteriyom, haidirojin mai nauyi da aka gano a 1931. Ɗaurin kabon da diyuteriyom ya fi wuyar tsinkewa. Da aka sa shi a gurbin haidirojin ɗin da bes ke fizgewa a 2-fenil-etil buromayid, sai saurin ya ragu kusan ninki bakwai. Hakan ya tabbatar cewa a E2 ɗaurin nan yana tsinkewa ne a daidai matakin da ke ƙayyade sauri.

To me ya sa Zaitsev ya yi daidai? Amsar ta biyo ta wani ɗakin gwaji daban. A tsakiyar shekarun 1930, George Kistiakowsky a Jami'ar Harvard ta Amurka ya auna zafin da alkin ke fitarwa in aka ɗora masa haidirojin. 1-biyutin yana fitar da kusan kilojul 127 a kowane mol, cis-2-biyutin kusan 120, trans-2-biyutin kusan 116. Duka ukun biyutan ɗaya suke komawa, don haka wanda ya fi fitar da zafi shi ne tun farko ya fi rashin natsuwa. Ƙarin rassa yana ƙara wa alkin natsuwa. A E2 kuma, a ƙololuwar tudun da riyakshin ke hawa, tagwayen ɗaurin ya riga ya fara samuwa, saboda haka hanyar da ke kaiwa ga alkin mai natsuwa tudunta ya fi gajarta. Shi ya sa ma trans ke fin cis yawa a cikin kason 2-biyutin. Lokacin yaƙin duniya na biyu an kwashe sashen su Ingold daga Landan zuwa Aberystwyth a Wales, suka ci gaba da aiki a can, kuma a 1948 suka fitar da jerin takardu masu bayanin dokokin biyu a tsari ɗaya. Daga 1875 zuwa 1948 shekara 73 ke nan.

Wuri na farko da dokar ke karyewa: girman bes

Ingold ya bayyana dokar Hofmann da tasirin caji. A ganinsa, naitirojin mai fositif yana jan ilektiron, sai bes ya zaɓi haidirojin da ya fi sauƙin saki, wato na CH3 da ke bakin sarƙa. Herbert Brown na Jami'ar Purdue a Amurka bai gamsu ba. Ya ce maganar cunkoso ce: in mai fita ƙato ne, ko bes ɗin ƙato ne, ba zai iya kutsawa tsakiyar molekul ba, sai ya ɗauki na bakin hanya. A shekarun 1950 ya gwada da haloalkan zalla, babu naitirojin a ciki. 2-bromo-2-metilbiyutan da etokzayid ya ba da kusan kashi 70 na alkin ɗin Zaitsev. Da aka sauya bes zuwa tert-biyutokzayid, mai rassan metil uku a kansa, sai lissafin ya juye, kusan kashi 70 ya zama alkin ɗin bakin sarƙa. Haloalkan ɗaya ne, bes kawai aka canza.

Ingold da Brown sun daɗe suna musayar kalamai masu zafi a takardu. Yau an yarda cewa duka dalilan biyu suna aiki, gwargwadon sinadarin da ke hannunka. In fuloro ne mai fita, ga shi ɗan ƙarami amma alkin ɗin Hofmann yake bayarwa, wannan ya fi dacewa da bayanin Ingold. In ƙaton bes ne, bayanin Brown. Brown ya sami kyautar Nobel a 1979 a kan wani aikin daban, na sinadaran boron. Ingold ya rasu a 1970 bai samu ba, duk da cewa rabin kalmomin da muke amfani da su a oganik daga bakinsa suka fito.

Wuri na biyu: tsayuwar atam

E2 yana da sharaɗin da Zaitsev ba zai taɓa hangowa a zanen takarda ba. Haidirojin da halojin sai sun ba wa juna baya, ɗaya sama ɗaya ƙasa, digiri 180 tsakaninsu, a shimfiɗa ɗaya da kabon biyun. A buɗaɗɗiyar sarƙa wannan ba matsala ba ce, ɗaurin yana juyawa. A zoben saikulohekzan kuwa babu wannan 'yancin. Derek Barton ya nuna a 1950 cewa siffar kujera ta zoben, da ko rukuni yana tsaye ne a kan zoben ko yana kishingiɗe a gefensa, ita ke hukunta yadda sinadari zai yi. Wannan aikin ya kai shi ga Nobel a 1969 tare da Odd Hassel na Norway. A zobe, sai halojin yana tsaye, maƙwabcin haidirojin ma yana tsaye ta ɗaya fuskar, sannan E2 zai yiwu.

Misalin da lakcarori ke so ya fito ne daga mentol, sinadarin da ke sa mantileta sanyi a hanci. Akwai kulorayid biyu daga gare shi, mentil da niyomentil, jerin atam ɗinsu iri ɗaya, fuskar da kulorin ya kalla ce kawai ta bambanta. A niyomentil, kulorin a tsaye yake tun farko, yana da haidirojin a tsaye ta ɓangarori biyu, sai ya bi Zaitsev, kusan kashi uku cikin huɗu 3-mentin. A mentil, kulorin a kishingiɗe yake. Sai zoben ya kife zuwa kujerar da ba ya so, kuma a nan haidirojin ɗaya ne tak ya cika sharaɗi, na kabon mai ƙarancin rassa. Sakamakon 2-mentin zalla, kuma saurinsa ya gaza na ɗan uwansa kusan ninki 200. Wanda ya haddace Zaitsev kawai, a wannan tambayar sifili zai kwasa.

Kada ku ɗauka wannan wasan allo ne. A 1947 Stanley Cristol a Amurka ya gwada nau'o'in hekzakulorosaikulohekzan, zobe mai kulorin shida. Nau'in bita, wanda duk kulorin ɗinsa shida a kishingiɗe suke, ya fi sauran jinkirin sakin HCl ninki dubbai, domin babu kulorin ko ɗaya da ke da haidirojin a bayansa. Nau'in gama na wannan sinadari shi ne lindan, wato gamalin da aka daɗe ana fesa wa koko a ƙasar Yarbawa, wanda wasu ke zubawa a ruwa don kashe kifi. Nau'in bita yana fitowa ne a matsayin shara wajen haɗa shi, kuma shi ya fi duka daɗewa a ƙasa da kitsen jiki bai ruɓe ba. A 2009 yarjejeniyar Stockholm ta sa lindan da nau'in alfa da bita a jerin sinadaran da za a kawar. Tun shekarun 1950 aka gano cewa ƙudajen da DDT ya daina kashewa suna da wani inzayim da ke zare masa HCl, ya koma DDE, wanda ba ya yi musu illa. An samu irin wannan dabara a jikin sauron da ke yaɗa zazzaɓi a Afirka ta Yamma. Riyakshin ɗin da muke zanawa da kibiya uku, sauro yana yin sa a cikinsa.

Abin da za ku shiga da shi

In aka ba ku haloalkan aka ce ku faɗi babban abin da zai fito, kada alƙalami ya yi saurin rubuta Zaitsev. Ku fara duba kabon mai halojin, rassa nawa ke kansa, don shi zai gaya muku ko E1 zai yiwu, kuma in E1 ne ku tuna kabokatayon yana iya sauya wuri kafin a zare haidirojin. Ku duba bes, mai ƙarfi ne ko rarrauna, siriri ne ko ƙato. Ku duba mai fita, buromin ne, fuloro ne, ko naitirojin mai caji. In zobe ne, ku zana kujerar, ku nemo haidirojin da ke tsaye a bayan halojin. In duk waɗannan ba su hana ba, to sai ku bi mutumin Kazan da kwanciyar hankali, kuma ku rubuta dalilin, wato natsuwar alkin, don a nan rabin makin yake.

Shi kansa Zaitsev bai ɗauki wannan doka a matsayin babban aikinsa ba. Yawancin rayuwarsa a kan haɗa alkohol da sinadaran zink ya ƙarar, da kuma horar da ɗalibai irin su Wagner, Reformatsky da Arbuzov, waɗanda za ku gamu da sunayensu a aji uku da aji huɗu. Sai wajen shekarun 1960, shekara 50 bayan rasuwarsa, littattafan karatu suka fara kiran ƙa'idar da sunansa a kai a kai. Markovnikov ya rasu a Mosko a 1904. Yanzu ga su nan a littafi ɗaya, babi na bin babi, ɗalibai suna rikita sunayensu.

Wanda yake da tsofaffin tambayoyi a kan wannan babi ya kawo su zaman bita na ƙarshen mako mu warware tare, musamman na zoben nan, don sai an zana da hannu yake zama. A tura wa 'yan aji biyu da ba su gani ba. Allah ya ba da sa'a, ya sa a fita da sakamako mai kyau.